Kayan gida da Amurkawa ke rasawa idan suka zauna a ƙasashen waje, da dalilin hakan

Miliyoyin Amurkawa ne ke zaune a wajen ƙasarsu. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta taɓa ƙiyasta cewa sun kai kimanin miliyan 9, wasu masu bincike kuma suna ganin ba su wuce miliyan 4 zuwa 6 ba. Ƙasashen da suka fi yawa a cikinsu su ne Meziko da Kanada, sai ƙasashen Turai irin su Birtaniya da Jamus da Faransa. A cikinsu akwai ma'aikatan jakadanci, da malaman makaranta, da ɗalibai, da ƴan kasuwa, da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, da tsofaffin da suka ajiye aiki suka tafi neman inda rayuwa ta fi sauƙi. Nijar ma ta daɗe da saninsu: daga 1962 zuwa 2011 sama da matasa 3,000 na shirin sa kai na Peace Corps ne suka zauna a garuruwa da ƙauyukan ƙasar, da yawansu kuma suka koma gida da Hausa ko Zabarmanci a bakinsu.

Idan aka tambayi waɗannan mutane abin da suka fi kewa bayan dangi, amsar kan ba da mamaki. Sukan ambaci kofin awon gari, da takardar da za ta shiga fayil ɗinsu, da zanen da zai dace da katifa, da ƙwayar ciwon kai mai sunan da suka sani, da niƙaƙƙiyar gyaɗar shafawa a burodi. Mai saurare na iya ɗaukar wannan a matsayin shagwaɓar ƴan ƙasa mai arziki. Amma akwai dalili a bayansa. Amurka ta gina rayuwar cikin gida bisa ma'auninta, da ƙarfin wutar lantarkinta, da dokokinta na magani da abinci, waɗanda suka sha bamban da na yawancin duniya. Sai Ba'amurke ya tsallaka iyaka yake gane cewa abin da ya ɗauka na kowa ne, nasa ne shi kaɗai.

Sanin wannan bambanci na da amfani ga mutanen Nijar, domin kayan Amurka na shigowa kasuwannin Yamai da Maradi da Damagaram da Tawa, wasu ta hannun ƴan uwa mazauna can, wasu a cikin kwantenar kayan gwanjo. Abin da ke wahalar da Ba'amurke a waje shi ne ke ƙona na'urar da aka aiko daga can, shi ne kuma kan rikitar da mai shan maganin da aka kawo tsaraba.

Wutar lantarki: 120 a can, 220 a nan

Ƙarfin kuran da ke shiga gidajen Amurka bolt 120 ne. A Nijar da Najeriya da Turai da mafi yawan Afirka da Asiya kuwa, tsakanin bolt 220 ne zuwa 240. Asalin abin ya samo tushe tun 1882, lokacin da Thomas Edison ya buɗe tashar wuta a birnin New York da ƙarfin bolt 110, wanda ya dace da ƙwan fitilar wancan zamani. Daga baya kamfanonin Turai suka koma bolt 220, saboda yana ba da damar amfani da siririyar waya, tagulla kuma na da tsada. Amurka ta ci gaba da tsarinta, domin gidaje da yawa sun riga sun cika da na'urorin da aka ƙera a kansa.

Sakamakon haka, Ba'amurken da ya ɗauko injin markaɗe ko dutsen guga ko na'urar busar da gashi daga gida, ya soka a piriz ɗin Paris ko Yamai, yakan ji ƙauri nan take. Na'urar da ke aiki da zafi, idan an yi ta don bolt 120 aka ba ta 220, takan ja ƙarfin da ya haura ninki uku na wanda aka tsara mata. Kan wayar ma dabam yake: na Amurka haƙoransa biyu masu faɗi ne, na Faransa kuma zagayayyu. Ɗan mahaɗin da ake saye a kasuwa siffar haƙoran kawai yake sauyawa, ba ya rage ƙarfin wuta ko kaɗan, a nan ne kuma mutane da yawa ke yin asara. Abin da ke rage ƙarfin shi ne na'urar da masu gyara ke kira tiransifo, ita ma dole ta fi ƙarfin abin da za a ɗora mata. Na'urar busar da gashi kaɗai na iya cin wat 1,500 zuwa 1,800, tiransifon da zai ɗauke ta kuwa ya fi ta nauyi, wani lokaci ya fi ta tsada.

Akwai bambanci na biyu da tiransifo ba ya gyarawa. Wutar Amurka na juyawa sau 60 a daƙiƙa, ta Nijar da Turai sau 50. Agogon bango mai ƙidaya da juyin wuta, idan aka kawo shi daga Amurka, zai riƙa yin baya da minti 10 a kowace awa, injin mai mota kuma zai yi gudu ƙasa da yadda aka tsara shi.

Cajar wayar hannu da ta kwamfuta ba su cikin wannan matsala, domin ana ƙera su don duniya baki ɗaya. Hanyar ganewa ita ce duba ƙananan rubutun da ke jikin na'ura. Idan an rubuta 100-240V, za ta yi aiki a ko'ina. Idan 110V ko 120V kaɗai aka rubuta, kada a soka ta sai da tiransifo.

Kofi da laba da inci

A kicin ne Ba'amurkiya kan fara jin ita baƙuwa ce. Littattafan girkin Amurka ba sa awo da giram. Da kofi da cokali suke yi, kuma kofin nan ma'auni ne tsayayye na kimanin mililita 240, babban cokali mililita 15, ƙaramin cokali mililita 5. Wata malamar girki a Boston, Fannie Farmer, ita ta yaɗa wannan tsari da littafinta na 1896. A Faransa da Jamus kuwa sikeli ake ɗora gari da sukari a kai. Don haka jerin kofunan awo, waɗanda ba su da wani kuɗi a Amurka, suna cikin abubuwan farko da ake sakawa a akwati. Ko man shanu ma, a Amurka sanda-sanda ake sayar da shi, kowace giram 113, girki kuma ya ce a sa sanda ɗaya ko biyu. A kantin Turai dunƙule ne na giram 250, sai an yi lissafi.

Zafi ma ma'auninsa dabam. Amurka na amfani da Faranhait, sauran duniya da Selsiyus. Girkin da ya ce a gasa a 350 yana nufin kusan 180 a tandar Turai. Zafin jikin mai lafiya 98.6 ne a wurinsu, wato 37. Ma'aunin zafin jiki na Amurka da ya nuna 104 na nufin zazzaɓi ya kai 40, lokacin garzayawa asibiti ya yi.

Tsarin mita da kilo da lita a Faransa aka ƙirƙiro shi bayan juyin juya halin 1789, kusan dukkan ƙasashe kuma suka karɓe shi. A 1975 Amurka ta yi dokar komawa kansa, amma ba ta tilasta wa kowa ba, jama'a kuwa suka ci gaba da inci da ƙafa da mil da laba da galan. Wannan taurin kai ya taɓa jawo babbar asara: a 1999 hukumar NASA ta rasa wani kumbo da ta aika duniyar Mars, saboda wani ɓangare na injiniyoyi ya yi lissafi da ma'aunin Amurka, ɗaya ɓangaren kuma da na mita.

Masu sayen motocin da aka yi amfani da su a Amurka na cin karo da wannan a allon gaban direba. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Allurar da ke kan 60 na nufin motar na gudun kusan kilomita 97 a awa, motar da ta nuna ta yi tafiyar 100,000 kuma ta haura kilomita 160,000.

Takarda ma haka take. Wadda ake fotokofi da ita a Nijar, A4, faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7, tsarin kuma daga Jamus ya fito a 1922. Ta Amurka da Kanada, wadda suke kira Leta, faɗinta 21.6, tsawonta 27.9. Bambancin kaɗan ne, amma ya isa ya sa takardar A4 ta leƙo daga saman fayil ɗin Amurka, ko ƙasan takarda ya yanke idan an buga ta a na'urar da ba a saita ba. Fayil ɗin Amurka huda uku gare shi, na Turai biyu ko huɗu. Hoton fasfo ma na Amurka murabba'i ne, inci 2 kowane gefe, wato kimanin santimita 5, alhali na Turai dogo ne, 3.5 da 4.5. Duk wanda ya taɓa neman bizar Amurka ya san sai ya yi wa mai hoto bayani na musamman.

A ɗakin kwana, katifar da Amurkawa ke kira ta sarauniya faɗinta santimita 152 ne, ta sarki 193, dukkansu tsawon 203. Na Turai 140 ne ko 160 ko 180. Zanen gado mai roba a gefe da aka ɗinka wa ɗaya ba ya zama daidai a kan ɗaya. A Jamus kuma matashin kai murabba'i ne babba, santimita 80 kowane gefe, rigar matashin Amurka ba ta shigarsa.

Magunguna: suna dabam, doka dabam

Nan ne lamarin ya wuce rashin jin daɗi, ya shafi lafiya. Ba'amurken da ya shiga farmasi a Paris ko Yamai ya nemi Tylenol, mai yiwuwa a ce babu. Alhali maganin na nan a gabansa da sunan Doliprane ko Efferalgan. Sinadarin da duniya ke kira farasitamol, a jikin kwalaben Amurka acetaminophen ake rubutawa. Abu ɗaya ne, sunaye biyu.

Haɗarin shi ne mutum ya sha biyun a tare yana zaton magunguna ne mabambanta. Yawancin magungunan mura na Amurka, irin su NyQuil, suna ɗauke da wannan sinadari a ciki. Wanda aka kawo wa irinsu tsaraba, ya sha, ya ƙara da Doliprane, ya ninka adadin ba tare da ya sani ba. Iyakar da likitoci suka sa wa babban mutum ita ce giram 4 a yini, a Faransa ma shawarar ita ce kada a wuce giram 3 sai da izinin likita. Wuce iyaka na lalata hanta, alamun kuma ba sa fitowa sosai sai bayan kwana ɗaya ko biyu.

Yadda ake sayar da maganin ma ya bambanta. A Amurka ana samun kwalba mai ƙwaya 500 ta maganin ciwon kai a babban kanti, kusa da sabulu da biskit, ko a gidan mai. A Birtaniya tun 1998 doka ta taƙaita fakiti zuwa ƙwaya 16 a kantuna da 32 a farmasi, don rage yawan masu cutar da kansu da shi. A Faransa farmasi kaɗai ke da izinin sayar da magani, kwalin farasitamol ba ya wuce giram 8, kuma tun watan Janairun 2020 an mayar da shi bayan kanta, sai an tambaya. Shi ya sa manyan kwalaben Tylenol da Advil ba sa rasa gurbi a akwatin Ba'amurke mai komawa aiki bayan hutu. Haka ma Pepto-Bismol, ruwan maganin ciki mai launin hoda, da man shafa wa ciwo na Neosporin, da ƙwayar barci ta melatonin, wadda kowa ke saye a Amurka amma a Birtaniya sai da takardar likita.

Wani lokaci abin ya wuce rashin samu, ya zama laifi. Japan ta haramta shigar da Adderall, maganin da ake ba masu matsalar tattara hankali a Amurka, ko da mutum na riƙe da takardar likitansa. Ta kuma haramta wasu magungunan mura irin su Sudafed. A 2015 ƴan sandan Tokyo sun kama wata Ba'amurkiya, babbar jami'a a kamfanin Toyota, saboda an aiko mata ƙwayoyin rage raɗaɗi masu ƙarfi ta gidan waya. An sake ta bayan kusan mako uku ba tare da an gurfanar da ita ba, amma ta riga ta ajiye aikinta.

Akwai kuma batun kwanan wata. Amurkawa da wata suke farawa, sannan rana. Idan aka ga 03/10/2026 a jikin kayan Amurka, 10 ga Maris ake nufi, ba 3 ga Oktoba ba. Mai duba ranar lalacewar magani ko abincin gwangwani ya kamata ya tuna da wannan, domin tazarar a nan ta kusa wata bakwai.

Abincin da ba ya tsallaka teku

Babu abin da Amurkawa mazauna waje ke yawan ambata kamar niƙaƙƙiyar gyaɗa. Yaran Amurka da ita suke tashi, ana shafa ta a burodi tare da jam ɗin inabi a saka musu a jakar makaranta. Dokar ƙasar ta ce dole kashi 90 cikin 100 na abin da ke cikin kwalbar ya zama gyaɗa. Sauran sukari ne da gishiri da wani daskararren mai da ke hana man gyaɗar tasowa sama, dabarar da aka fara amfani da ita a shekarun 1920. A Faransa da Italiya da Sifaniya kuwa cakulan ake shafawa, gyaɗar sai a ƴar ƙaramar kwalba mai tsada a lungun kayan ƙasashen waje.

A wannan fanni Ba'amurken da aka turo Maradi ko Damagaram ya fi na Paris sa'a, domin niƙaƙƙiyar gyaɗar miya na nan a kowace kasuwa. Bambancin kawai ita ba ta da sukari, kuma manta na tasowa sai an juya. Ita gyaɗar ma asalinta Kudancin Amurka ne, Turawan Fotugal suka kawo ta Afirka, daga nan ta isa Arewacin Amurka a zamanin cinikin bayi. A yau jihar Jojiya ce kan gaba wajen nomanta, can ne kuma tsohon shugaban ƙasa Jimmy Carter ya yi noman gyaɗa kafin ya hau mulki.

Kewar abinci ta fi tsanani a Ranar Godiya, Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, ranar da iyalan Amurka ke taruwa cin abinci. Bikin na buƙatar gasasshen talotalo guda, da kek ɗin kabewa, da miyar kiranberi, wasu jajayen ƴaƴan itace masu tsami da ake nomawa a jihohin Wisconsin da Massachusetts da kuma Kanada. A Turai talotalo guda ba ya yawaita sai dab da Kirsimeti, idan an samu ma tandar gidan na iya yi masa kaɗan. Kabewar kuma a gwangwani suka saba sayenta, dafaffiya niƙaƙƙiya. Da yawa ba su taɓa feraye kabewa don girki ba sai da zaman waje ya tilasta musu.

Abincin Meziko ma ya zama na gida a Amurka, kuma yana da wuyar kwaikwayo. Faifan masarar da ake kira tortiya ba a yinsa da garin masara na yau da kullum. Sai an dafa masarar da ruwan farar ƙasa ko toka, abin da ke cire dusa, ya sa ƙullin ya yi danƙo, ya kuma fito da wani sinadarin gina jiki da ke ɓoye a cikin ƙwayar. Ba tare da wannan ba, faifan wargajewa yake yi a hannu.

Akwai kuma zumar itacen mafil da suke zubawa a kan fanke. Daga ruwan jikin bishiya ake dafa ta, kimanin lita 40 na ba da lita 1, kuma lardin Kebek na Kanada ne ke samar da kusan kashi 70 cikin 100 na wadda duniya ke sha. Akwai miyar salak ta Hidden Valley, da taliya da cuku ta kwalin Kraft wadda ta fito tun 1937. Akwai wani lemon kwalba da suke kira rut biya, wanda ba barasa ba ne. Shi kam ba ya samun kasuwa a Turai, domin ƙamshinsa na tuna wa Turawa man zafi da maganin wanke baki.

Ko kayan da ake samu a ko'ina ba lallai ne ɗanɗanonsu ya zama ɗaya ba. Coca-Cola ta Amurka tun shekarun 1980 da zaƙin masara ake yinta, ta yawancin ƙasashe kuma da sukari. Madara a Amurka mai sanyi ce a cikin galan na lita 3.8, a Faransa mafi yawa ta kwali ce mai daɗewa ba firigo, a Nijar kuma ta gari da nono ne suka fi yawa. Ƙwai ma a Amurka wanke shi ake yi kafin a sayar, wankin na cire wani siririn rufi da ke kare ɓawon, don haka dole ya zauna a firigo. Ba'amurken da ya ga ƙwai a tire a fili yakan tsorata da farko.

Kayan tsafta da sutura

Maganin warin hammata na Amurka yawanci daskararre ne kamar sanda. A Turai na fesawa da mai ƙwallo a baki ne suka fi yawa. A Koriya da Japan da Sin kuwa kowane iri ma ba shi da yawa, saboda mafi yawan mutanen yankin sun gaji wata ƙwayar halitta da ke rage warin gumi, don haka kasuwarsa ƙarama ce. Matan Amurka kuma kan yi guzurin irin audugar mata da suka saba da ita, domin a ƙasashe da dama ba a sayar da ita.

Baƙaƙen fatar Amurka da ke aiki a Gabashin Asiya ko Gabashin Turai suna da tasu matsalar: man gashi da hodar da ta dace da fatarsu, da wanzami ko mai kitson da ya san irin gashinsu. Idan Afirka ta Yamma aka turo su, labarin kan juya, domin man kaɗanyar da suke saye da tsada a ƙananan kwalabe a Amurka daga wannan yanki yake fita, daga Burkina Faso da Ghana da Mali da Benin da Najeriya.

Takalmi ma lambarsa dabam. Lamba 10 ta mazan Amurka kusan 43 ce ko 44 a lissafin Faransa, Japan kuma da santimita take awo. Mai babbar ƙafa ko babban jiki na iya zagaye kasuwa guda a Tokyo ko Hanoi bai samu daidai da shi ba.

Sai kayan da ke maƙale da ginin gida. Kusan kashi 90 cikin 100 na gidajen Amurka na da na'urar sanyaya ɗaki, mafi yawa kuma na da injin busar da tufafi. Tagoginsu na da raga mai hana sauro da ƙuda shiga, firigonsu babba ne mai fitar da ƙanƙara. A tsofaffin gidajen Turai da wuya a tarar da waɗannan. Ba'amurke da yawa a waje ne ya fara koyon shanya a igiya.

Me ya hana kamfanoni kai musu

Dalili na farko kasuwa ce. Ba mai ɗaukar kwantena guda ta kabewar gwangwani saboda iyalai ɗari da za su saya sau ɗaya a shekara. Na biyu doka ce. Tarayyar Turai ta hana naman shanun da aka yi wa allurar ƙiba tun 1989, ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin abincin da ke ɗauke da wasu launukan roba tun 2010, a 2022 kuma ta haramta wani farin sinadari da ake sa wa alewa. Kamfanin da ke son sayarwa a can sai ya sauya haɗinsa da rubutun kwalinsa. Dokar ta kan yi aiki ta ɗaya ɓangaren ma: cakulan Kinder mai siffar ƙwai da ɗan abin wasa a ciki haramun ne a Amurka, ƙarƙashin wata dokar 1938 da ta hana ɓoye abin da ba a ci a cikin abinci.

Yadda suke cike giɓin ya danganta da wanda ya tura su. Sojoji na da kantuna a cikin sansanoninsu, kamar na Ramstein a Jamus, inda ake sayar da kayan gida da dala, suna kuma karɓar saƙo da kuɗin gidan waya na cikin Amurka. Ma'aikatan jakadancin da aka tura ƙasashen da gwamnatinsu ke ganin kasuwa ba ta wadata ba, ana ba su izinin jigilar kayan masarufi har laba 2,500, sama da tan ɗaya, don zaman shekara biyu. Kamfanin Costco ya buɗe manyan kantuna a Japan da Koriya ta Kudu da Birtaniya, ya shiga Faransa a 2017 da Sin a 2019. Sauran jama'a kuwa da akwati suka dogara. Kilo 23 da kamfanonin jiragen sama ke ƙayyade wa kowane akwati laba 50 ce a lissafin Amurka, kuma duk baƙon da zai zo daga gida sai an aika masa jerin saƙo.

Waɗanda suka daɗe sukan ce jerin na raguwa da shekaru. Mutum kan koyi awo da sikeli, ya san sunan maganinsa a farmasin unguwa, ya saba da abincin wurin. Wasu ma idan sun koma Amurka sai su fara neman abin da suka baro.

Ƴan Nijar a Amurka na da nasu jerin

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ƴan Nijar da ke zaune a New York ko Greensboro ta jihar Karolina ta Arewa na fama da irin wannan kewa: daddawa, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da yaji, da gero na fura, da turaren wuta. Kantunan ƴan Afirka a Bronx da Harlem na kawo wasu, da tsada. Kilishi kuwa doka ta tare shi, domin Amurka ba ta barin matafiyi ya shigo da nama daga ƙasashen da ke da cututtukan dabbobi irin su ciwon baki da kofato, ko da busasshe ne. Jami'an duwan na ƙwace shi a filin jirgi, wanda ya ɓoye bai bayyana ba kuma ana iya cin sa tara. Wanda ya bayyana abin da ya ɗauko, iyakarsa a karɓe.

Ga wanda ke nan gida kuma aka aiko masa kaya daga Amurka, ko ya saya a gwanjo, abubuwa huɗu ne ya kamata ya duba kafin amfani. Idan na'ura ce, ya karanta ƙarfin wutar da aka rubuta a jikinta. Idan magani ne, ya nemi sunan sinadarin da ke ciki, ya nuna wa ma'aikacin farmasi kafin ya haɗa shi da wani. Idan akwai kwanan wata, ya tuna lambar farko ta wata ce. Idan kuma mota ce ko ma'aunin zafi ko sikeli, ya tabbatar da irin ma'aunin da yake nunawa kafin ya yarda da lambar.